Ranar da Aka Zo Duba Baba Direba

Tun a jirgi na san ni da Auta za a haɗa, don duk cikin ɗaliban da makarantarmu ta tura ƙasar waje koyon aikin walwalar jama'a, mu biyu ne ba mu da abokin hira. Ni na girme wa kowa. Na daɗe ina aiki a ofishin jin daɗin jama'a kafin na koma karatu da 'ya'yana a gida, saboda haka 'yan ajin Yaya suke ce mini, su gaishe ni su wuce. Ita kuwa Auta yarinya ce mai shiru-shiru, wadda in ana raha sai kowa ya gama dariya take fara tata. Haka kuwa aka yi. Da aka zo rabon wuraren aiki, wasu aka tura su wajen marayu, wasu wajen masu fama da shaye-shaye, mu biyu aka ce mu riƙa bin wata ma'aikaciya da ke zaga gidajen tsofaffin da ke zaune su kaɗai.

Masaukin da aka ba mu babu abin kushewa, gaskiya. Kowa da ɗakinsa da banɗakinsa, ƙofar ma in ka sake ta da kanta take rufuwa. To amma ni tun da uwata ta haife ni ban taɓa kwana a ɗaki ni kaɗai ba, shirun wurin nan har ƙara yake mini a kunne. In na kira gida yaran su tambayi tsarabarsu, su miƙa wa babansu waya su koma wasa. A hanya kuwa na yi gaisuwa har na gaji na bari. Ka ce wa mutum ina kwana, ya dube ka kamar ka zo roƙonsa wani abu. 'Yan ajinmu da an tashi aiki sun bazama shaguna da ɗaukar hoto, mu biyu sai mu dawo, ta shiga ɗakinta na shiga nawa. Bango ɗaya ne tsakaninmu, ina jin tarinta tana jin nawa, amma babu mai ƙwanƙwasa wa wata ƙofa.

Ma'aikaciyar da aka haɗa mu da ita mun sa mata suna Anti Sauri, don ban taɓa ganin ta zauna ba sai a mota. Ba muguwa ba ce, kar in ɗauki alhakinta. Tsofaffi ne da yawa a wuyanta, kowanne da ɗan lokacin da aka yanka masa. Ta shiga, ta wanke hannu, ta duba magani, ta leƙa firji, ta tambayi yadda aka kwana, ta fito. Tun ranar farko ta karanta mana dokoki: kar mu karɓi kyauta, kar mu ba kowa lambar waya, kuma duk abin da tsoho zai iya yi da kansa a bar shi ya yi. Wannan ta ƙarshen ce ta tsaya mana a wuya. Na ce wa Auta a bayan mota, da harshenmu, wannan lalaci ne aka yi wa kwalliya aka kira shi doka.

A cikin tsofaffin nan akwai wanda muke ce wa Baba Direba. A saman wani tsohon bene yake zaune, benen da ba shi da na'urar hawa, sai matakala mai ƙunci da ƙarfen dafawa a gefe. Ɗaki da falo ne da ɗan kicin. Kujeru biyu ne a falon, tasa ta lotsa, ɗayar ta marigayiya matarsa ce, har lokacin da ɗan mayafin da take rufe gwiwa a ninke a hannunta. Shekarar da ta wuce ya yi ɗan shanyewar ɓarin jiki, ya warke, amma hannun hagu da ƙafar hagu ba sa jin magana da wuri. Tagarsa tana kallon garejin motocin bas inda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tuƙi. Da safe sai ya ja kujera ya zauna yana kallon fitarsu, yana yi wa direbobin faɗa ta cikin gilashi: wannan ya ci kwana da yawa, wancan ribas ɗinsa kamar na mai koyo, wannan kuma ko madubi ba ya dubawa. Babu mai jin sa, shi ma ya sani.

Ranar da muka fara shiga mun same shi yana fama da maɓallan rigarsa. Ya kama ɗaya ya kuɓuce, ya sake kamawa ya kuɓuce. Anti Sauri tana tsaye, hannu a harɗe, tana yi masa hirar ruwan sama. Na saci kallon Auta na ga idonta ya kawo ruwa. Daga baya ta gaya mini a hannun kakanta ta tashi, ita ce mai zuba masa ruwa, mai miƙa masa takalmi, mai yanke masa farce har ya rasu. A gidansu in babba ya sunkuya ɗaukar abu yaro na tsaye, ranar yaron nan sai ya gane kurensa.

Shi da bakinsa Baba ya gaya mana damuwarsa. 'Ya ɗaya gare shi, tana aure a wani gari mai nisa, kuma tun da ya kwanta rashin lafiya take so ya bar gidan nan ya koma gidan kula da tsofaffi kusa da ita. Shi kuma ya ce a nan matarsa ta cika, a nan yake so a zo a ɗauke shi. Ƙarshen wata, in ji shi, wata jami'a za ta zo daga ofishin walwala ta duba shi, ta ga irin taimakon da ya dace da shi. Abin da bai gaya mana ba, sai daga baya muka ji, shi ne ya yi wa 'yarsa alkawari: in jami'ar ta ce zai iya riƙe kansa, 'yar ta ƙyale shi a gidansa, in kuwa ta ce ba zai iya ba, ya bi ta babu musu. Saboda ranar nan yake ta fama da maɓalli, yake dafa shayinsa, yake sauka matakalar nan kullum safiya ya sayo biredi a shagon bakin layi ya hawo yana haki.

Da Anti Sauri ta ga jininmu ya haɗu da nasa, sai ta nemi izini a ofis ta riƙa ajiye mu a wajensa mu taya shi hira, ita ta zaga sauran gidajen unguwar ta dawo ta ɗauke mu. Nan fa Auta ta sami wurin shaƙatawa. Da ƙarar motar ta ɓace sai ta tuɓe rigar sanyi ta hau aiki. Ta karɓe tsintsiya daga hannunsa, ta karɓe buta, ta durƙusa ta ɗaure masa igiyar takalmi. Biredin ma ta ce wace irin rayuwa ce tsoho da sanda zai riƙa sauka bene saboda biredi, ita ta riƙa sayowa tun a hanya. Da farko yana hanawa, yana cewa ta bari zai iya. Ita kuma amsarta ɗaya ce kullum.

"Haba Baba, ina tsaye?"

Ban sani ba ko kalmar Baban ce ta kashe masa jiki. Ya dai saki. Wata rana na ɗago kai daga rubutuna na ga tana taje masa ɗan farin gashin da ya rage masa, shi kuma ya lumshe ido ya kwantar da kai a jikin kujera. Wallahi sai da na kau da kai. Mutumin nan ban san rabon da wani ya taɓa shi ba don awo ko allura ba. Ita ma Autar ta canja. Yarinyar da ba ta haɗa magana biyu a aji, sai ga ta tana gardama da shi a kan wane direba ya fi iya kwana, har da tafa hannu. Ni ma ba zan yi ƙarya ba, duk garin nan falon nan ne kaɗai wurin da in na shiga wani yake ɗago kai ya ce ya ga jiya ina tari, yaya jikin.

Sau ɗaya Anti Sauri ta dawo da wuri ta tarar da Auta tana sa masa safa. Ta jira muka shiga mota ta ce ta san tausayi ne, amma hannun da aka daina amfani da shi mantuwa yake yi, a bar shi ya wahala. Auta ta ce to. Washegari ta yi kunnen uwar shegu ta ci gaba, sai dai ta koyi leƙa taga don ta ga shigowar motar.

Da ranar dubawa ta matso, Auta ta kawo mini shawararta a hanyar komawa masauki. Ta ce ɗan leƙen da ake yi wa Baba ai ba kulawa ba ce, kuma mu mun kusa tafiya, zai koma shi da taga. Abin da yake buƙata shi ne a ƙara masa mai zuwa safe da yamma, mai zama ya ɗan daɗe, a nan gidansa. Kuma ta san halinsa, in jami'a ta zo zai ce lafiyarsa lau, garau yake, su kuma su rubuta ba ya buƙatar komai, ƙila ma su rage wanda ake yi. Ta ce ta yi yawon ofisoshi da takardun kakanta har takalminta ya cinye, ta ga wanda ya je da mutuncinsa yana cewa da sauƙi, da sauƙin ake sallamarsa. Sai wanda ya kwanta ya yi kuka ake waiwaya. Ni da na zauna a bayan irin teburin nan shekara da shekaru na san gaskiya ta faɗa, don a wurinmu mai rubuta wa mabuƙaci bayani in bai ƙara gishiri ba bai taimake shi ba. Mun manta baƙo ko da ido makaho ne.

Ranar ta zo da ruwan sama. Anti Sauri ta ajiye mu ta ce yanzu za ta dawo, ashe wata tsohuwa a layin baya ta faɗi a banɗaki, dole ta tsaya jiran motar asibiti. Mun sami Baba ya yi wanka, ya aske gemu har ya ɗan yanke kansa a haɓa, ya sa farar riga da ya goge da kansa. Maɓalli ɗaya ya shiga ramin ɗan'uwansa, rigar ta ɗan karkace a wuya. Auta ta ce ai ba zai ga baƙuwa haka ba, ta ɓalle su duka ta fara sa masa daga ƙasa. Tana cikin yi aka ƙwanƙwasa ƙofa, na buɗe. Abin da jami'ar ta fara gani ke nan.

Mace ce mai matsakaicin shekaru, mai sanyin murya, da jaka a kafaɗa da laima tana ɗiga. Ta gaishe shi da girmamawa, ta tambayi ko mu ne ɗaliban da aka ce suna zuwa, ta zauna inda ya nuna mata. Ta biye masa suka yi hirar motocin da da na yanzu har ya saki jiki yana dariya. Can sai ta murza hannuwanta ta ce sanyin nan ya shige ta, ko zai taimaka mata da shayi.

Baba ya miƙe da sauri har sandarsa ta faɗi. Fuskarsa ta washe, kamar ɗalibin da aka tambayi abin da ya kwana yana bita. Ni kuwa raina ya ɓaci, na ce a zuciyata wannan wace irin baƙuwa ce, ga mata biyu da ƙafafunsu a zaune ta aiki tsoho marar lafiya. Kafin in gama tunanin Auta ta riga shi kicin. Ya kai hannu kan buta, ta kai. Ya riƙe, ta riƙe.

"Bari," ya ce, a hankali, bai dube ta ba.

"Haba Baba, ina tsaye?"

Ta zare butar daga hannunsa. Jami'ar da ta taso ta tsaya a bakin ƙofar kicin ta tambaya, cikin ruwan sanyi, ko ita ce ta saba dafa masa. Nan Auta ta ga ƙofa ta buɗe. Ta ajiye butar, ta haɗa hannuwa a ƙirji, ta fara. Ta ce ita ke dafawa kullum, don hannun ba ya riƙe abu. Ita ke sa masa riga, ita ke sa masa takalmi, ita ke shara. Matakala kuwa ba a maganarta, ita ke sayo masa biredi. Ta ce in ya ce lafiyarsa lau kar a yarda, kunya ce irin ta manya. Yaren ƙasar da take in'ina da shi a aji, ranar nan ya zauna mata a baki daram.

"Ranki ya daɗe, ku dubi girman Allah ku taimaka masa. Bawan Allahn nan ba abin da yake iya yi wa kansa. In muka tafi ban san yadda zai yi ba."

Hawaye take yi na gaske. Baba yana tsaye dafe da bango, bakinsa a buɗe, yana kallonta kamar bai taɓa ganin ta ba.

Jami'ar ba ta yanke hukunci da maganar yarinya ba, in ba ta haƙƙinta. Ta juya wajensa ta tambaye shi yaushe rabonsa da sauka ƙasa. Ya yi lissafi, sannan ya ce an kwana biyu. Ta ce ba komai, ya gwada dafa shayin ta gani, mu kuma mu koma falo. Daga inda nake zaune ina hango bayansa. Ya cika butar, ya kunna, ya sauko da kofi. Da ruwan ya tafasa ya ɗaga, hannun da aka hutar da shi makonni, ga kuma ɓacin rai, ya kama rawa. Ruwan ya sauka a gefen kofin, ya malale kan teburin, ya zubo masa a silifas. Ya ja ƙafa da sauri, gwiwar hannunsa ta ture kofin ya faɗi ya fashe. Jami'ar ce ta karɓi butar, ta zaunar da shi, ta cire masa safa ta duba ƙafar, ta goge wurin da kanta. Ta yi 'yan rubuce-rubuce, ta yi masa sallama mai daɗi ta tafi.

Da muka zo tafiya bai amsa sallamarmu ba, ya ja kujera ya fuskanci taga. Auta ta ce mini a matakala fushin na kwana ɗaya ne, in ya ga an ƙara masa masu zuwa zai gode mata.

A mota ta kwashe labarin duka ta gaya wa Anti Sauri, har da ɗan alfaharinta. Matar nan ta sami wuri ta faka, ta kashe mota, ta riƙe sitiyari da hannu biyu. Sannan ta yi mana bayani, muryarta ƙasa-ƙasa. Shayin nan shi ne jarrabawar. Ba sanyi jami'ar take ji ba, so take ta ga ko zai iya ɗaukar ruwan zafi. A tsarinsu, mutumin da ke saman bene shi kaɗai, in ba ya iya sauka da ƙafarsa in gobara ta tashi, kuma ba ya iya riƙe buta, ba ƙarin masu zuwa ake rubuta masa ba, cewa ake yi zaman gidan ya zama haɗari gare shi. Daga nan ta gaya mana alkawarin da ke tsakaninsa da 'yarsa. Ba ta zagi kowa ba, cewa ma ta yi laifinta ne da ta bar mu mu kaɗai. Ni da ta zage mu da ya fi mini sauƙi. Na juya na ga Auta ta yi tsuru-tsuru, hannunta a kan baki. Garin neman gira an rasa ido.

An yi ƙoƙari, ba a zauna ba. Anti Sauri ta kira jami'ar ta warware mata komai. Ni da Auta muka je ofishin da ƙafarmu, muka zauna a benci har aka kira mu, Auta ta ce duk abin da ta faɗa ƙari ne, kafin zuwanmu shi ke yin komai. Jami'ar ta saurare ta, ta ce ta yarda, za ta rubuta, kuma za ta iya sake zuwa bayan wasu makonni in ya koma motsa jiki. Amma ruwan da ya zube a ƙafarsa da idonta ta gani, ba za ta ce ba ta gani ba. Kafin nan kuwa rahoton farko ya isa wajen 'yar, ga shi an sami gurbi a gidan tsofaffin da ke kusa da ita, irin gurbin da in ka ƙi yau sai wani ya mutu za ka sake samu. Anti Sauri ta roƙi Baba ya ce a jira dubawa ta biyu. Ya ce shi bai yi alkawari a kan dubawa biyu ba, a kan ɗaya ya yi, kuma bai taɓa tashi daga tasha ya dawo ya ce a sake lokaci ba.

Kwanakin nan Auta ta daina fitowa cin abinci. In mun dawo aiki ta shige ɗaki, ko tarin ma na daina ji. Wata la'asar na gaji, na je na ƙwanƙwasa ƙofarta, karon farko tun zuwanmu. Na same ta zaune a ƙasa ta jingina da gado, da rigar sanyinta a jiki. Na zo da faɗa a bakina, in ce mata kuka ba ya mayar da abin da ya zube, amma da na gan ta sai na nemi wuri kusa da ita na zauna. Mun daɗe a haka, muna jin 'yan ajinmu a baranda suna gwada takalman da suka sayo.

Saura kwana kaɗan mu koma gida aka zo ɗaukarsa. Anti Sauri ta kai mu, duk da ba ranar zuwanmu ba ce. Na hau benen nan da shirin in ga 'yar da ta iya raba ubanta da gidansa, har na tanadi irin kallon da zan yi mata. Sai na ci karo da ita a tsakiyar matakala, zaune, da kwali a cinya, tana kuka ba sauti. Mace ce sa'ata, idonta duk ya faɗa. Ta ce mini tun da ya kwanta ciwo, duk wayar da ta yi ƙara sai gabanta ya faɗi. Kallon da na tanada ban san inda ya shiga ba, na karɓi kwalin na sauke mata.

Falon ya zama fili. Kujera ɗaya aka ce ɗakin can zai ɗauka, ya zaɓi ta matarsa ya bar tasa. Yana tsaye a tsakiya da kwat da hula, ya dogara sanda. Auta ta shiga ta zube a gabansa gwiwa biyu. Ya rikice, ya ce ta tashi, a nan ba a yi wa mutum haka, ƙasan ma da sanyi. Ta ƙi tashi. Sai ya dafa kanta da hannun nan mai rawa.

"'Yata, ni ma da hannuna a ciki. Na san abin da nake yi da na sakar miki. Daɗi na ji. Da ban ji daɗi ba da na hana ki tun ranar farko."

Ya ce abu ɗaya yake roƙo, mu duka mu fita, shi zai rufe gidansa, shi zai sauka, kar wanda ya taɓa shi. Muka fito muka jeru a matakala. Ya ja ƙofar, ya laluba aljihu ya ciro makulli. Ya kai bakin ramin ya goce. Ya sake kaiwa ya goce, makullin ya faɗi ƙasa. Na ji Auta ta motsa a gefena, sannan na ga ta mayar da hannuwanta baya ta damƙe ɗaya da ɗaya har farcenta ya shiga fata. Ya jingina sanda, ya dafa ƙofa, ya sunkuya a hankali ya ɗauka. A karo na gaba ya shiga. Ya murɗa, ya girgiza ƙofar ya tabbatar, ya miƙa wa 'yarsa makullin.

Sai matakala. Ya kama ƙarfen gefe, ya sauke ƙafar dama, ya jawo ta hagu ta same ta, ya huta, ya sake. Muna gabansa muna ja da baya, muna jin numfashinsa da ƙarar sanda. A tsakiya ya tsaya har na ce shi ke nan, gumi yana bin gefen hularsa. Ya ci gaba. Bai zame ba, bai nemi hannun kowa ba, har ƙafarsa ta taka ƙasa. Ya fita ƙofar benen, ya buɗe motar 'yarsa da kansa ya shiga gaba. Da suka zo wucewa ta bakin garejin wata bas tana fitowa, na ga hularsa ta juya tana bin ta, sannan motar ta sha kwana.

Anti Sauri ta duba agogo ta ce akwai wadda ke jiran maganinta, ta nufi mota. Auta tana nan tsaye a bakin titi, hannuwanta har lokacin a baya.

"Yaya," ta ce, "ya iya fa. Kin gani ai. Ya iya."

Na ce na gani.